Alƙaluman da za su sa a bar wa yara laburarensu

Assalamu alaikum. Malama, na karanta tambayarki, inda kika ce an ɗora miki kula da laburaren wata makarantar sakandare a nan Zariya, kuma shugaban makarantar yana shawarar mayar da ɗakin aji saboda cunkoson ɗalibai, sai ya ce ki kawo hujjar da za ta nuna laburaren yana da amfani. Kin tambayi irin alƙaluman da ya kamata ki tara da yadda za ki gabatar da su. Na daɗe ina koyarwa tare da kula da ɗakin karatu a makarantun garin nan, don haka zan faɗa miki abin da na ga yana tasiri, Allah ya sa a dace.

Da farko kada ki ɗauki maganar shugaban a matsayin ƙiyayya ga karatu. Mutumin da yake ganin yara sun cika aji har wasu suna zaune a ƙasa, ga kuma ɗaki guda da yawancin yini a kulle yake, yana da dalilin yin wannan tambaya. Amsar da muka saba bayarwa ita ce yawan littattafan da ke cikin ɗakin, kuma ita ce amsa mafi rauni, domin duk wanda kika ce wa kina da littattafai dubu uku zai iya cewa a zuba su a kwali a kai sito, ba abin da zai ragu daga dubu ukun. Abin da zai tsayar da shi shi ne ki nuna masa yara nawa ne ke shiga ɗakin, su wane ne, kuma me ya sauya a karatunsu. Duk alƙaluman da za ki tara su kasance amsar waɗannan tambayoyi ne.

Ki fara da rajistar aro, kuma ba sai da kwamfuta ba. Babban littafi mai layi ya isa: ki ja masa gidaje na kwanan wata, sunan ɗalibi, ajinsa, namiji ko mace, sunan littafi, harshen da aka rubuta shi, da ranar dawowa. Ki ajiye wani ƙaramin littafi a bakin ƙofa don masu shigowa su zauna su yi karatu ba tare da aro ba, domin a makarantunmu su ne suka fi yawa, kuma idan ba a rubuta su ba sai a ɗauka ɗakin ba kowa. Abin da ya fi muhimmanci a lissafin ƙarshen wata shi ne ki raba yawan aro da yawan masu aro. A ɗauka a wata guda an yi aro sau 300. Idan yara 25 ne suka yi wannan aro duka a makarantar da ke da ɗalibai 900, to laburaren na 'yan tsiraru ne, shugaban kuma yana da gaskiya. Idan kuwa yara 200 ne, labarin ya sha bamban ƙwarai. Hanya mai sauƙi ita ce ki karɓi jerin sunayen kowane aji daga malamin aji, duk yaron da ya yi aro karon farko a zangon sai ki sa alama a gaban sunansa. A ƙarshen zango wannan takarda za ta gaya miki kashi nawa cikin ɗari na kowane aji ya taɓa riƙe littafin laburare.

Wannan takardar ita ce na fi daraja a cikin duk abin da nake tarawa, saboda tana nuna waɗanda ba sa zuwa. A wata makaranta da na yi aiki, sunayen 'yan mata na ƙananan azuzuwa sun daɗe ba alama a gabansu, alhali ina ganinsu suna leƙowa ta taga. Da na zauna da su sai ta bayyana tsoron tara ne ya hana su, domin idan suka kai littafi gida ƙannensu kan yaga shi ko a zuba masa ruwa, su kuma ba su da abin biya. Ga shi ana tashi daga makaranta suke wucewa gida su shirya zuwa Islamiyya, ba su da damar tsayawa kamar yadda maza ke yi. Sai muka cire tara a kan lalacewar da ba ta ganganci ba, muka riƙa naɗe littafin aro a leda, muka kuma buɗe ɗakin a lokacin hutun tara. Alamomin suka fara bayyana a gaban sunayensu cikin zangon. Irin wannan bayani yana shiga zuciyar shugaban makaranta fiye da kowane yabo, saboda yana nuna masa cewa mai kula da ɗakin tana lura, tana gyara, kuma gyaran yana haifar da sakamakon da za a iya ƙirgawa.

Sai dai aro kaɗai bai tabbatar da cewa yaro ya ƙaru ba, don haka ki auna karatun kansa. Akwai gwajin da ake kira EGRA, wanda aka tsara don ƙananan azuzuwan firamare, kuma an yi amfani da shi da Hausa a jihohin Sakkwato da Bauchi ƙarƙashin shirin ilimi da hukumar USAID ta tallafa, inda aka tarar da akasarin yaran da aka gwada ba sa iya karanta ko kalma ɗaya daga ɗan gajeren labari. Tsarinsa mai sauƙi ne, kina iya aronsa don 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Ki zaɓi gajeren labari daidai matakinsu, ɗaya da Hausa ɗaya da Turanci, ki buga kofi biyu, ɗaya a hannun yaro ɗaya a hannunki. Ki saita agogon wayarki a kan minti ɗaya, yaro ya karanta a bayyane, ke kuma kina jan layi da fensir a kan duk kalmar da ya kuskure ko ya tsallake. Idan ya tsaya a kan kalma kamar daƙiƙa uku, ki nuna masa ta gaba ya ci gaba. Minti na cika sai ki sa alama inda ya tsaya, ki cire kurakurai, abin da ya rage shi ne kalmomin da yake karantawa daidai a minti ɗaya. Daga nan ki yi masa tambayoyi huɗu ko biyar a kan abin da ya karanta, domin akwai yaran da bakinsu ke gudu amma ba su san me suka faɗa ba. Ki yi wannan a makon farko na zango, ki sake a makon ƙarshe da wani labarin mai wahala daidai da na farko. Ina roƙonki ki yi gwajin a gefe, ba a gaban aji ba, kuma ki gaya wa yaron cewa ba jarabawa ba ce, don yaro mai shekara goma sha biyu da ya kasa karanta layi ɗaya a gaban abokansa ba ya mantawa da wannan kunya da wuri.

Wasu za su ba ki shawarar ki kwatanta sakamakon WAEC ko NECO na masu zuwa laburare da na waɗanda ba sa zuwa. Ni ban cika son wannan hanya ba. Yaron da ya riga ya iya karatu shi ne ke fara kawo kansa laburare, saboda haka ko ɗakin bai ƙara masa komai ba makinsa zai fi na saura, kuma duk malamin lissafin da ke zaune a taron zai gano wannan ramin nan take. Abin da ya fi ƙarfi shi ne ki nemi a ba aji ɗaya lokacin laburare a jadawali sau ɗaya ko biyu a mako, ki gwada karatunsu tare da na wani reshen ajin da bai samu ba tukuna, ki kwatanta yadda kowane rukuni ya matsa daga farkon zango zuwa ƙarshensa. A zango na gaba sai a ba ɗaya reshen nasa lokacin, don kada a tauye haƙƙin kowa. Ko a nan ma ki faɗi gaskiya cewa malamai da gidaje suna da nasu tasirin. Idan bambancin ƙarami ne ki rubuta shi ƙarami.

Binciken ƙasashen waje yana da wurinsa, amma layi biyu ya ishe shi. A 1993 Keith Curry Lance ya jagoranci wani nazari a jihar Kolorado ta Amurka, wanda ya nuna makarantun da laburarensu ke da isassun ma'aikata da littattafai sun fi samun maki a gwajin karatu, ko bayan an yi la'akari da talaucin unguwanni, kuma an maimaita irinsa a jihohi da dama. Ross Todd da Carol Kuhlthau kuma sun tambayi ɗalibai sama da 13,000 a makarantu 39 na jihar Ohayo, fiye da kashi 99 cikin ɗari suka ce laburare ya taimaka musu a karatu, sai dai makarantun an zaɓe su ne saboda laburarensu masu kyau ne tun asali. Shugaban makaranta a Zariya zai iya cewa wannan Amurka ce. Abin da ba zai iya ture shi da sauƙi ba shi ne Tsarin Ilimi na Ƙasa, wanda ya ɗora wa masu makarantu alhakin samar da laburare mai aiki, sai kuma alƙaluman yaran da shi kansa yake gani kullum a filin taro.

Ki riƙa rubuta duk malamin da ya kawo ajinsa ko ya ari littafi don shirya darasi, da darasin da ya yi. Malamai biyu ko uku da za su tashi a taron ma'aikata su ce ɗakin ya rage musu wahala sun fi shafi goma na rahoto.

Akwai kuma lissafin da kan ba mu kunya amma dole a yi shi, wato littattafan da ba wanda ya taɓa. Ki bi kanta ɗaya bayan ɗaya da rajistarki, za ki iya tarar da tarin tsofaffin littattafan kyauta daga ƙetare da ba yaron da ya buɗe su, yayin da 'yan littattafan labaran Hausa da na tambayoyin jarabawar baya suka yage saboda yawan hannu. Ki kai wannan gaban kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, da ƙungiyar iyaye da malamai, domin su tambayarsu ta kuɗi ce. Idan aka sayi littafi a kan naira 2,000 kuma yara 40 suka karanta shi a shekara, kowane karatu ya tashi a naira 50, kuma uba ɗan kasuwa yana gane wannan lissafi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Garin da yake da Kamfanin Gaskiya da kamfanin ɗab'i na NNPC bai kamata a ce yaransa sun rasa littafin Hausa a makaranta ba, kuma tsofaffin ɗalibai sun fi saurin sa hannu a aljihu idan aka kai musu jerin sunayen littattafan da yara ke nema da bakinsu.

Rahoton kansa kada ya wuce shafi ɗaya: kason ɗaliban da suka yi aro a kowane aji, maza da mata daban, sakamakon gwajin karatu na farko da na ƙarshe, maganar ɗalibi ɗaya ko biyu yadda suka faɗe ta, sannan buƙata guda ɗaya tak a ƙasa. Kada ki sa sunan yaro ko makinsa a takardar da za ta zagaya, ballantana a tura a WhatsApp, domin amana ce, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi bayanan yara. Idan lissafin ya yi miki nauyi, sashen nazarin laburare na Jami'ar Ahmadu Bello yana Samaru, ɗalibansa kuma kullum suna neman inda za su yi aikin koyon sana'a ko binciken kammala karatu, kina iya rubuta wa sashen takarda ta hannun shugaban makarantarku.

Buƙatar da nake ganin ya dace ki fara kai masa a makon nan ita ce ya jinkirta hukunci zuwa ƙarshen zango, ya kuma sa lokacin laburare a jadawalin aji ɗaya. Ki nuna masa rajistar da kika ja wa gidaje da labarin da za ki yi gwaji da shi, ki sanar da shi ranar da za ki kawo sakamako, sannan ki gayyace shi ya zauna ya ga gwajin yaro ɗaya ko biyu da idonsa, bayan kin nemi yardar yaran.