Yadin zamani a fiffiken ƙaramin jirgi: a shafa masa kowane gam?

Tambaya: Injiniya barka da aiki. Muna gyaran wani tsohon ƙaramin jirgin sama Piper Cub, yadin audugar da ya lulluɓe fiffikensa ya ruɓe har yatsa na huda shi. Wani ya ce mu sa yadin polista na Ceconite kawai mu shafa ragowar gam da fentin da ke sito, wai duk ɗaya ne. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Gara da bai kwanta ba ɗan'uwa. Batun auduga dai an wuce wurin, in jirgi na kwana a waje 'yan shekaru ne ta ruɓe, polista kuwa irin su Ceconite da Poly-Fiber sai ta haura shekara 20 in an yi aikin daidai, ga Oratex na Jamus da ke zuwa da launinsa ba sai an yi feshi ba.

Amma wannan "duk ɗaya ne" ɗin ita ke ɓata min rai, kullum sai na ji ta a bakin masu gyaran ganin-ido. Auduga tana shan dof, wato ruwan shafin da ake yi wa yadin jirgi, har cikin zarenta, polista ba ta sha, santsi gare ta, dole shafin farko ya ratsa saƙar ya riƙe ta ciki da waje, shi ya sa kowane kamfani ya fito da gam ɗinsa da shafinsa da littafinsa kuma a haɗe hukuma ta amince da su, ba a tsintar wannan nan a tsinci wancan can. Steve Wittman fa gwanin tseren jirage ne a Amurka, shi ke ƙera jiragensa, amma a 1995 yadin fiffikensa ya ɓamɓare a sama saboda ba a manna shi bisa ƙa'ida ba, fiffiken ya kama karkarwa ya wargaje, shi da matarsa suka rasu a Alabama. To wa ya kai shi sanin jirgi a cikinmu?

Ku zaɓi tsari ɗaya ku bi littafinsa har ƙarshe. In Ceconite ko Poly-Fiber ne, ɗame yadin da dutsen guga wanda aka auna zafinsa, a fara wajen digiri 120 a ƙare wajen 175 na salshiyas, ban da abin hura iska mai zafi, in zafi ya zarce yadin saki yake yi. Fentin mota tsagewa zai yi. Kuma kar a rage shafin nan mai launin azurfa da ke tare hasken rana don tsimi, rana ce ke cin polista, balle irin tamu. In kun gama ku leƙa cikin fiffiken da rana tsaka, in haske na ratsowa ku ƙara shafi.