Shin in ambaci ciwona a takardar neman shiga makarantar haɗa magunguna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina neman gurbin karatun ilimin haɗa magunguna a Ingila ta hanyar UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'o'in Birtaniya ta hannunta. Ina da sikila, mahaifiyata kuma ciwon suga ya taɓa mata ƙoda. Jinyar nan ce ta sa ni son fannin. Yayana ya ce kar in ambata, za su ɗauka ba zan iya karatun ba. Ina mafita? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ƙanwarmu. Allah ya ƙara miki lafiya, ya ba Mama sauƙi. Wurare uku ne maganar ciwo ke shigowa, kuma ba hukunci ɗaya ke kansu ba.

Na farko shi ne bayanin kanki, wato rubutun da za ki gabatar da kanki da shi a fom ɗin neman gurbi. UCAS ta ba ki haruffa 4,000, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, ki amsa tambayoyi uku: me ya sa kike son fannin, yaya karatunki ya shirya ki, me kuma kika yi a wajen aji. Nan babu wanda ya tilasta miki faɗin komai. A ganinmu ki ambata, amma cikin jimla biyu ko uku, sannan ki wuce zuwa abin da jinyar ta koya miki game da magani. Me ya sa likita ke rage maganin suga na metformin ko ya dakatar da shi idan ƙoda ta yi rauni? Yaya kuke adana insulin idan an ɗauke wuta da zafin bazara? Me ya sa ake ba mai sikila folik asid kullum? Idan kin bi diddigin ɗaya daga cikin waɗannan har kin samu amsa a littafi ko wurin masanin magunguna na asibiti, to shi za ki rubuta. Inda masu nema ke yin kuskure shi ne su cinye rabin shafin da labarin kwanciya asibiti da kuka. Mai tantancewa zai tausaya, amma ya gama karantawa bai ga ɗalibar kemistiri ba.

Ciwon Mama kuwa sirrinta ne. Ki nemi izininta. Idan ba ta so, “wata 'yar uwata” ta wadatar.

Idan ciwon ya sa kin rasa zango ko makinki ya faɗi, malamin da zai rubuta miki takardar shaida yana da gurbin da aka ware don irin wannan uzuri. Ki ba shi watannin da kika yi jinya da takardar asibiti.

Na biyu, akwai wurin da fom ɗin ke tambayar naƙasa ko ciwo mai daɗewa. Ki cika shi. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta hana jami'a ƙin ɗalibi saboda naƙasa, kuma wannan bayani ne ke sa ofishin tallafa wa ɗalibai ya shirya miki ƙarin lokaci a jarrabawa, kujera a ɗakin gwaje-gwaje, ɗaki mai ɗumi kusa da aji. Sanyin Ingila na tayar da sikila, gara a san da ke tun kafin hunturu.

Na uku shi ne takardar lafiya da ake aiko wa wanda aka ba gurbi, domin za ki yi aiki da marasa lafiya a asibiti da kantin magani. Nan ɓoyewa ba ta halatta. Ma'aikatan lafiya ne ke karantawa, ba masu tantancewa ba. Sikila ba ta hana wannan karatu, amma idan aka gano ƙarya daga baya, maganar ta koma ta amana, kuma tana iya bin ki har ranar da za ki nemi rajista a GPhC, hukumar da ke yi wa masana magunguna rajista a Birtaniya.

Idan kin haɗa da neman ABU ko BUK ta JAMB, can babu rubutun bayanin kai. Gwajin lafiya ne a asibitin jami'a lokacin rajista. Ki tafi da katin asibitinki da jerin magungunan da kike sha, domin duk daren da ciwon ya tashi a same su a fayil ɗinki.