Sabon Rolex zai karya farashin tsohon?

Alhaji, ka tambaya ko ka sayar da agogonka na Rolex samfurin Submariner a Jidda kafin sabon samfuri ya fito. Ni dai ba zan yi gaggawa ba. Abin da ya fi ɗaga farashi shi ne kamfani ya daina ƙera agogo. A 2020 Rolex ta kawo Submariner mai faɗin milimita 41, ta janye mai koriyar fuska, sai kuɗin wanda aka janye ya yi sama. Haka aka yi da agogon Nautilus 5711 na kamfanin Patek Philippe da aka daina ƙera shi a 2021. Sai dai tun 2022 kasuwar ta sauko sosai.

Dillalan Balad, tsohuwar unguwar Jidda, kuwa, takardun agogon da akwatinsa za su fara nema, kuma in an goge ƙarfen agogon da yawa don ya yi sheƙi sai su rage maka riyal dubbai. Ka jira baje kolin agogo na Geneva, inda Rolex ke nuna sababbin samfura, wajen watan Afrilu tukuna.