Tambaya da Amsa: Jirgin alhazan 1991, ƙaddara ce ko sakaci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. A majalisarmu muka yi gardama kan jirgin alhazan nan da ya ƙone a Jidda. Kawuna ya ce ƙaddara ce, bincike ɓata lokaci ne tunda ba ya dawo da mamaci. Ni kuwa na ji an ce sakaci ne. Ina gaskiyar take?
Daga wani mai karatu, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaishe min da Kawu. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan babu musu. Amma wanda ya ce a yi tawakkali, shi ya ce a fara ɗaure raƙumi.

Har yau ban manta ranar ba, 11 ga Yulin 1991. A rediyo na ji, ina zaune a ƙofar gida a Unguwar Sanusi, jikina ya mutu. Jirgi ne ƙirar DC-8 da aka ɗauko haya daga kamfanin Nationair na Kanada, zai kai alhazai Sakkwato. Mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya fita da rai.

Abin da masu bincike suka gano shi ya fi ci min rai. Tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska. An san da haka kafin tashi, an ma gyara alƙaluma a takarda don su nuna lafiya lau, aka ƙi jira a yi musu iska saboda gudun makara. Jirgi na cikin gudu a kan titi tayoyi biyu na ƙafar hagu suka fashe, suka kama da wuta. Matuƙan ba su sani ba, da suka tashi sai suka naɗe ƙafafun jirgin, wato suka shigar da wutar cikin cikinsa da kansu. Ta cinye wayoyi da bututun man sarrafa jirgi, ta ci daɓen da fasinjoji ke zaune a kai. Sun juyo za su sauka, ba su kai ba.

Iskar taya fa, ɗana! Abin da direban tashar motar Kawo ke tsayawa wajen mai faci ya duba kafin ya kama hanyar Zariya.

Da ba a tattara tarkace da takardu da naɗaɗɗiyar muryar matuƙa ba, da har gobe ba mu san wannan ba. Ka karanta wa Kawu amsar nan cikin ladabi, sannan ku yi wa alhazan addu'a. Allah ya jiƙansu da rahama.