Amsa ga Hajiya kan shukar nan mai jajayen 'ya'ya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Hajiya, na ga hoton da kika turo jiya da daddare, na kuma saurari tambayarki a kan yadda za a yi shukar nan mai jajayen 'ya'ya ta haye rumfar tsakar gida, wato rakuba, kafin damina ta wuce. Amma ni a ganina tambayar da ke gabanki ita ce ko ta dace da gidan da jikoki ke rarrafe a cikinsa, kuma wannan zan fara amsawa.

Abin da ke cikin hoton idon zakara ne, ba ni da shakka, Larabawa ma ainud-dik suke ce masa, ma'anar ɗaya ce. Ki dubi ganyen, ƙanana ne a jere biyu-biyu kamar na tsamiya, kuma ba shi da zaren kamawa, jikinsa ne yake nannaɗe duk abin da ya samu. 'Ya'yan suna cikin kwanso irin na wake, idan ya bushe sai ya tsage, ƙwayoyin su bayyana jajaye wur, kowacce da baƙin ɗigo a gefe guda. A cikin ƙwayar akwai guba mai suna abirin, wadda har yau likitoci ba su da makarinta, sai dai su yi ta tallafa wa jiki da ƙarin ruwa.

Shekarun baya wani mai sayar da dashe a nan Gadarif ta ƙasar Sudan ya sayar mini da shi, na tambaye shi har sau biyu ko yana da illa, ya ce ado ne kawai, mata ma suna yin sarƙa da shi. Na dasa a gindin katanga, na yi ta ba shi ruwan da muke saya da kuɗinmu, har ranar da muka tarar da jikata da ƙwaya a baki. Kwana biyu muka yi a asibiti ana duba ta, domin alamun gubar, amai da gudawa, suna iya jinkirta zuwa. Allah ya tsare, ba ta tauna ba. Da na koma wurin mutumin sai ya ce ai bai ce a ci ba, ko sannu bai yi mini ba, kuma har yanzu idan na bi ta wurin ina ganin tukwanensa a jere ana saye. Ba kuɗin dashen ne ya dame ni ba, tambayar da na yi masa sau biyu ce, da idon da ya kalle ni da shi yana amsawa.

Bari in gyara magana ɗaya, kada in tsorata ku fiye da kima. Ƙwayar da aka haɗiye ɗungurungum sau da yawa takan fita yadda ta shiga saboda taurin ɓawonta. Haɗarin yana ga wadda aka tauna, aka daka ko aka huda. Duk da haka, yaron da ya haɗiye ta a kai shi asibiti nan take, kada a tsaya jiran alama.

Idan ja kike so a kan rakuba, ki shuka garahuni, wanda iyayenmu suka sani tun can gida. Ganyensa mai yatsu ne, furensa rawaya, yana da siririn zare da yake kama igiya da shi, ɗansa kuma mai ƙuraje ne, yana farawa kore, ya koma ruwan lemo, sannan ya fashe ya nuna ƙwayoyi lulluɓe da jan nama. Ga ado, ga ganyen da ake sa wa a fate duk da ɗacinsa.

Matsalarmu a nan ita ce baƙar lakar Gadarif, wadda ke riƙe ruwa da damina ta kuma tsattsage da rani. Ki haƙa rami kamar kamu ɗaya, ki cakuɗa lakar da yashi da tsohon takin awaki, ki ɗan tudunta wurin don kada ruwa ya kwanta a gindin. Ki sa ƙwaya uku a rami, idan sun tsiro ki bar biyu, ki ɗaura igiya daga ƙasa zuwa saman rumfar. Kada ki damu idan furannin farko suka zube ba ɗa, maza ne, na matan suna biyo baya.

Ina da irin bara a kwalba, ki aiko yaro bayan sallar Juma'a. Shi kuwa idon zakaran a tumɓuke shi har saiwa, domin yana sake tohowa, a kuma share ƙasan wurin da kyau a tsince ƙwayoyin da suka zuba, kada a jefa su inda awaki ke kiwo.