Makin ya nuna sauƙi, mai jinya kuwa ta galabaita

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a Bradford, ƙasar Ingila. Yawancin gidajen da nake zagayawa na 'yan asalin Pakistan ne masu jinyar tsofaffinsu a gida. Idan na ba su takardar auna wahalar jinya, makin kan fito kaɗan, alhali da ido ina ganin sun jigata. Takardar ce ba ta da kyau?

Amsa: Malama, ina kyautata zaton ma'aunin Zarit ne a hannunki, wanda Steven Zarit da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1980. Wanda aka fi amfani da shi tambayoyi 22 ne, kowace maki 0 zuwa 4, jimilla 88. Ba shi da laifi, sai dai akasarin tambayoyinsa abin da ke cikin zuciya suke tonowa. Akwai wadda ke tambayar mai jinya ko yana fatan ya bar wa wani aikin. To, matar da ta tashi da cewa hidimar tsofaffi lada ce kuma mutuncin gida ne, in ta amsa da "e", a wurinta ta furta ke nan cewa ta gaji da uwar mijinta. Ba za ta faɗa ba, balle in mijin ne ke fassara.

Masana a Indiya sun tsara nasu. A 1981 Pai da Kapur suka fitar da tsarin hira mai batutuwa 24, yana bin kuɗin da ke fita, harkokin gida da suka tsaya, hutun da ya gagara, zaman 'yan gida da juna, da lafiyar sauran iyali. A 1998 cibiyar binciken taɓin hankali ta SCARF da ke birnin Chennai ta kawo wani mai tambayoyi 40. Dukansu don iyalan masu taɓin hankali aka yi su, amma salon na farkon nake so ki ɗauka: tambayar abin da ake iya ƙirgawa. Sau nawa ta tashi daren jiya? Wa ke wankin da sauya shimfiɗa? Ta ajiye aikinta? Yaushe rabonta da ganin likita don kanta? Ciwon sukari ya yi yawa a cikin mutanen Kudancin Asiya, kuma mai jinya kan yi sakaci da nata maganin.

Ki kuma tabbatar wa kike aunawa. Sau da yawa sunan ɗa ne a takarda, matarsa ce ke aikin. Ki keɓe da ita, da tafinta mace wadda ba 'yar gidan ba. Da yawa daga cikin Pakistanawan Bradford asalinsu Mirpur ne, a yankin Kashmir da ke hannun Pakistan, harshen Pahari suke yi a gida, don haka takardar Urdu ba lallai ta wadatar ba.

Ko makin ya yi ƙasa, ki rubuta abin da kika gani, ki tura ta majalisar birni. Dokar kulawa ta 2014 a Ingila ta ba mai jinya haƙƙin a duba bukatunta na kanta, daban da na majinyacin.