Tambaya da Amsa: Awa nawa na sauti faifan CD ke ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tafsirin watan azumi a kwamfuta, fayil 30 na MP3, kowanne kusan awa ɗaya, jimillarsu megabait 864. Baba nake so in ɗura wa a faifai ya riƙa saurara a mota. Na sayi faifan da aka rubuta 700 MB a jikinsa, amma fayil ɗaya kawai ya shiga, manhajar ta ce wuri ya cika. Faifan jabu aka sayar mini ne? Daga wani ɗalibi a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri kan wannan hidima da kake yi wa mahaifinka. Faifanka lafiyarsa ƙalau. Sake duba jikinsa, kusa da 700 MB ɗin za ka ga an rubuta minti 80. Lambobin biyu duk gaskiya ne, ya danganta da hanyar da ka bi wajen ɗurawa, wato abin da masu shago ke kira bonin.

Da ka buɗe manhajar, ko Nero ce ko Windows Media Player, ta ba ka zaɓi, ka danna Audio CD. Wannan shi ne tsarin asali da kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi kasuwa a 1982, kuma bai san matse sauti ba, wato rage girman fayil kamar yadda MP3 ke yi. Kowane minti ɗaya yana cin kusan megabait 10. Duk ƙanƙantar fayil ɗinka, sai manhajar ta warware shi ya koma wannan girman kafin ta rubuta. Saboda haka a nan minti ake ƙirgawa: fayil ɗinka na awa ɗaya ya cinye 60, saura 20, na biyu ba shi da wurin zama. Kuma warwarewar ba ta ƙara wa murya kyau ko kaɗan, abin da aka zubar lokacin matsewa ya riga ya tafi.

Abin da kake buƙata shi ne ɗaya zaɓin, Data CD. A nan fayilolin na shiga a yadda suke, kamar ka tura su cikin filash, megabait kawai ake ƙirgawa. Idan an matse sautin a 128 kbps (kbps ma'aunin yawan bayanan da kowace daƙiƙa ta sauti ke ci ne), yadda akan yi wa waƙoƙi, minti ɗaya bai cika megabait ɗaya ba, faifai zai ɗauki sama da awa 12. A 320 kbps kusan awa 5 ne. Naka kuwa, awa 30 a megabait 864, lissafi ya nuna a 64 kbps yake, faifai guda zai ɗauki kimanin awa 25. Ka ga saura kaɗan ya shige duka.

Za a iya sake matse shi zuwa 48 kbps ya dawo megabait 648, ya shiga faifai ɗaya. Ni dai ban ba ka wannan shawarar ba. Matse abin da aka riga aka matse yana sa harufa irin su sin da shin su riƙa fita da wani sauti shuu, ga ƙarar inji da iskar hanya, ga kunnen dattijo. Ayar Alƙur'ani ba abin da za a yi wa ƙwauron wuri ba ce. Sayi faifai biyu, fayil 15 a kowanne.

Amma kafin nan, leƙa fuskar rediyon motar Baba. In ka ga an rubuta MP3 a jiki, ka huta. In babu, da wuya ta karanta irin wannan faifan. Na taɓa yi wa mahaifiyata irin wannan aikin, dare guda ina zaune gaban kwamfuta, da safe na kai mata faifan da murnata. Ta saka a tsohuwar rediyonta, muna jin sa yana juyawa, ƙir, ƙir, shiru. Ta dube ni ta ce, "To ai bai yi magana ba." Har yau ina tuna yadda jikina ya yi sanyi. Sai da na koma na raba karatun minti 80-80. Idan motar Baba irin wannan ce, faifai 30 za ka nema, fayil ɗaya a kowanne, kuma a ganina gara ka saya masa ƙaramar rediyo mai cin memori.

Ka sa wa fayilolin lamba a farkon suna, 01, 02, har 30, domin in ka rubuta 1, 2, wasu na'urorin za su kawo na 10 kafin na 2. Ka rage gudun rubutawa zuwa 8x ko 16x, ka zaɓi a cikin manhajar a rufe faifan idan an gama, yadda ba za a ƙara masa komai ba. Sannan ka roƙi Baba kada ya bar shi a kan dashbod, don zafin rana na lalata faifan da aka ɗura a gida.